Yadda za a ɗaga sakamakon 'yan aji shida a jarrabawar kwaman: jagora ga malaman firamaren karkara

Duk shekara in sakamakon jarrabawar shiga sakandare, wato kwaman, ya fito, wasan kwaikwayo ɗaya ake maimaitawa a ofishin hedimasta. A kira malamin aji shida, a aje masa takarda a gaba, a ce, "Malam, me ya faru?" Shi ya ce yaran ne ba sa zuwa. Iyaye su ce malamai ne ba sa koyarwa. A yi addu'a a watse, sai kuma baɗi. Na zauna a kujerar wanda ake tambaya, na kuma zauna a ta mai tambayar, duk a makarantun ƙauye da ke kan iyakar Kano da Jigawa, kuma abin da na gani shi ne malamin aji shida ya fi kowa ƙarancin laifi. Yaron da ya faɗi kwaman, tun yana aji biyu ya faɗi, ranar da aka wuce da shi aji uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Takardar sakamako labari kawai ta kawo, kuma a makare.

Duk da haka shekara guda ba ƙaramin lokaci ba ne in an san abin da za a yi da ita. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko: san jarrabawar da kake shirya wa yara

Iri biyu ne ke gaban ɗan aji shida. Akwai ta jiha, wadda da ita ake rarraba yara zuwa ƙananan sakandare na gwamnati. Akwai kuma ta ƙasa da hukumar NECO ke shiryawa don shiga kwalejojin haɗaka na gwamnatin tarayya, irin su ta cikin birnin Kano, da ta 'yan mata a Minjibir, da ta 'yan mata a Kazaure, da ta Kiyawa. Ta ƙasar yawanci ranar Asabar ake yin ta, wani lokaci tsakanin Afrilu da Yuni. Tana gwada lissafi da Turanci da kimiyya da zamantakewa, sannan da tambayoyin auna basira na lamba da na kalma. Tambayoyin canki-canka ne: a ba yaro amsoshi huɗu ko biyar, ya zaɓi ɗaya ya cike gurbinta da fensir.

Nemo takardun shekarun baya tun watan Satumba, ko daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko daga masu sayar da littattafai a birni. Amma kada ka raba wa yara tukuna. Kai da malamanka ku zauna ku amsa su da kanku, ku sa agogo. Za ku ji kunya a wasu wuraren, musamman tambayoyin basirar lamba masu akwati-akwati da kibiyoyi, kuma gara ku ji ta a ofis da ku ji ta gaban yara. Za ku kuma lura da abin da ya fi komai muhimmanci: takardar gaba ɗayanta da Turanci take, har ta lissafi. Yaron da bai iya karatu ba ya faɗi lissafi tun bai ga lamba ba.

Mataki na biyu: gwada kowane yaro shi kaɗai

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancinmu muke tsallakewa, don mun ɗauka mun san yaranmu. Ba mu san su ba. Amshin da aji ke yi baki ɗaya, malam ya faɗa su maimaita, yana rufa asirin kowa. Yara biyar a gaba ne ke karantawa, sauran hamsin bakinsu kawai ke motsi. Wani yaron ya haddace shafin littafi kaf, in ka buɗe masa zai zuba kamar ruwa, amma ka ɗauko kalma ɗaya daga tsakiya ka rubuta a allo, sai ya tsaya yana kallonka. Wannan ba matsalar ƙauyenku ba ce kawai. Gwajin karatun Hausa da aka yi a 2014 a makarantun Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina ya nuna yawancin yaran ƙananan azuzuwan da aka gwada ba sa iya karanta ko kalma guda. Irin waɗannan yaran ne suke girma su cika mana aji shida.

Ga yadda ake gwajin. Samu kwali guda ka raba shi gida huɗu. A gida na farko rubuta haruffa goma a hargitse, ka tabbata akwai ɓ da ɗ da ƙ da ts da sh a ciki. A na biyu rubuta kalmomi goma da yaro ya sani a baki, irin su tulu, ƙosai, ɓera, tsaba. A na uku gajerun jimloli huɗu. A na huɗu ɗan labari mai layi bakwai ko takwas, wanda kai ka ƙirƙira, ba na littafin aji ba, da tambayoyi biyu a kansa. Ka yi wani kwalin irinsa da Turanci. Na lissafi kuma ya ƙunshi gane lamba daga 1 zuwa 9, da daga 10 zuwa 99, da tarawa, da ɗebewa mai aro, da sau, da rabawa.

Ka zauna ƙarƙashin bishiya, nesa da aji, ana turo maka yara ɗaya bayan ɗaya. Aje bulala a ofis. Fara da jimloli: in yaro ya karanta, hau da shi zuwa labari, in ya kasa, sauko da shi kalmomi, in ya kasa nan ma, haruffa. Kada ka taya shi, kada kuma ka gyara masa. Minti biyar ya ishi kowane yaro, wato malamai uku za su gama aji mai yara 60 cikin safiya ɗaya. A rajista, gaban kowane suna, rubuta inda ya tsaya: bai fara ba, harafi, kalma, jimla, ko labari.

Ranar da na fara yin wannan, akwai wata yarinya da ke zama can baya, ba ta taɓa ɗaga hannu ba, na ɗauka ba ta san komai ba. Ta karanta labarin har ƙarshe, ta amsa tambayoyin biyu. Monitan ajin kuwa, mai baki kamar reza, a kalma ya tsaya. Tun daga ranar na daina yarda da idona.

Kuma kada a tsaya a aji shida. A gwada aji huɗu da biyar a mako guda, don su ne 'yan kwaman na baɗi da baɗin baɗaɗa.

Mataki na uku: raba su gwargwadon inda kowa ya tsaya

Da sakamakon a hannu, ware awa ɗaya ko ɗaya da rabi kowace rana, ka rushe azuzuwan huɗu da biyar da shida, ka sake haɗa su bisa matsayi. 'Yan harafi wuri ɗaya ko daga wane aji suke, 'yan kalma wuri ɗaya, 'yan jimla da labari wuri ɗaya. Bayan awar kowa ya koma ajinsa a ci gaba da manhaja.

Masana suna danganta wannan tsari da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya, kuma an gwada shi a nan Kano daga 2019, a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, ƙarƙashin wani shirin koyar da karatu da lissafi mai suna KaLMA. Ni dai da na ji bayaninsa dariya na yi, don a zauren alaramman unguwarmu na fara ganinsa. A makarantar allo ba a tambayar shekarun yaro. Wanda ke babbaƙu yana babbaƙu, wanda ke farfaru yana farfaru, kuma ba a wanke allo a yi wa yaro ƙari sai ya biya na jiya malam ya ji. Mu ne a boko muke wanke wa yaro allo duk ƙarshen shekara, ko ya iya ko bai iya ba. In za ka yi wa iyaye bayanin dalilin da ɗansu na aji shida ke zama da 'yan aji huɗu, da wannan misalin za ka yi, nan take za su gane.

Malamin da ya fi kowa haƙuri da iya koyarwa shi za a ba rukunin ƙasa. Mun saba yin akasin haka, mu ba ƙwararre manyan yara, mu jefa wa sabon malami ko ɗan sa-kai waɗanda suka fi buƙata. A wannan rukuni da Hausa ake farawa, ko da jarrabawar da Turanci take. Na san akwai masu ganin ɓata lokaci ne, to ba haka ba ne. Rubutun Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa, yaro yana jin ma'anar abin da ya karanta, saboda haka dabarar haɗa harafi take saurin zama masa. In ta zauna, da ita zai shiga Turanci. Wanda aka fara masa da Turanci kuwa kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda: koyon karatu, da koyon harshen da ba ya ji.

A koyar da sautin harafi, ba sunansa na Turanci ba. A tafi gaɓa-gaɓa: ba, bi, bu, sannan ba-ba, bu-ta, ta-ba. A yanka kwalin sabulu ko na taliya a rubuta gaɓoɓi, yara uku-uku su zauna a tabarma suna haɗa kalmomi. A bar su su yi rubutu a ƙasa da tsinke in babu littafi. Yaran da suka yi nisa a allo sukan fi sauri a nan, don sun riga sun san cewa baƙi sai da wasali yake magana.

'Yan labari kuma abin karantawa suke buƙata, shi ne kuma abin da babu a ƙauye. Tsohuwar jarida, littattafan firamare na kowane aji, tatsuniyar da malam ya rubuta da hannunsa a kwali, duk su shiga akwati ɗaya a riƙa juya su. Bayan kowane karatu a yi tambaya: wa ya yi, me ya sa, da kai ne me za ka yi.

Duk bayan mako huɗu zuwa shida a sake gwajin kwalin nan, da sababbin kalmomi da sabon labari. Wanda ya hau a matsar da shi gaba ranar, a gaban 'yan'uwansa, a tafa masa. Kada a sa wa rukunin suna mai kunyatarwa. Na taɓa jin wani malami yana kiran nasa "ajin daƙiƙai", cikin mako biyu manyan yaran suka daina zuwa, kuma ban ga laifinsu ba.

Mataki na huɗu: lissafi da kara

Yaran karkara sun iya lissafi, a takarda ne yake gagararsu. Yarinyar da ke tallan awara ba ta taɓa kuskuren canjin ɗari biyar ba, amma ka rubuta mata 500 − 350 ta rikice. Aikinka ka gina gada tsakanin farantin talla da allo. Sa kowane yaro ya zo da guntayen kara, a ɗaure su goma-goma da zare ko roba. Lamba 72 ta zama ƙulli bakwai da kara biyu. In za a ɗebe 38, yaro zai ga da idonsa biyu ba ta isa a cire takwas ba, dole ya kwance ƙulli guda. Wannan shi ne aron da muke ta faɗa a allo ba tare da yaro ya san me aka ara ba.

Jadawalin sau kuwa hadda ce, kuma yaranmu ba a fi su hadda ba. Minti biyar kowace safiya a wurin taro, amma a riƙa tambaya a hargitse: bakwai sau takwas, shida sau tara. Wanda sai ya faro daga bakwai sau ɗaya kafin ya kai, lokaci zai ƙare masa a ɗakin jarrabawa.

Mataki na biyar: Turancin takardar jarrabawa

Ba za ka mai da ɗan ƙauye Bature cikin wata takwas ba, kada ma ka wahalar da kanka. Amma Turancin tambaya kalmomi ne 'yan kaɗan da ke ta dawowa. Ku bi tsofaffin takardun nan ku tsamo su: altogether, left, each, share, difference, product, opposite, odd one out, which of the following. A rubuta a kwali a manna a bango da ma'anarsu da Hausa, kullum a ɗauki biyu ko uku a sa su cikin tambaya. A ba kalmomin not da except kulawa ta musamman, don su ne ke juya tambaya ta koma kishiyarta, kuma yaro mai sauri ba ya ganinsu.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce: yaro ya karanta tambayar da Turanci, sannan ya faɗa mini da Hausa abin da ake nema, kafin ya taɓa fensir. In ya iya faɗa, rabin aiki ya ƙare. In ya kasa, na san ba lissafin ne matsalarsa ba.

Mataki na shida: jarrabawar gwaji, da yadda ake karanta sakamakonta

Sai yanzu tsofaffin takardu za su fito, daga watan Janairu, kuma ga yaran da suka kai matakin jimla ko labari. Ba wa wanda bai iya karatu ba takardar shekarun baya kamar ba makaho madubi ne. A yi gwaji sau ɗaya a wata, yadda za a yi na gaske: tazara tsakanin yara, agogo a gaba, babu magana.

Abin da ake yi bayan gwajin ya fi gwajin kansa, kuma akwai tarko biyu a cikin maki da ya kamata kowane hedimasta ya sani.

Na farko, canki-canka tana ba da maki kyauta. In amsoshi huɗu ne a kowace tambaya, yaron da ya rufe ido ya cike gurabe zai tashi da kusan 25 cikin 100. Saboda haka mai 27 ko 30 ba "ya ɗan taɓa" ba ne, mai yiwuwa bai karanta ko layi ɗaya ba. Koma rajistar gwajin kwali ka duba matsayinsa.

Na biyu, matsakaicin maki maƙaryaci ne. A ce kana da yara 40: goma sun ci 80, talatin sun ci 25. Matsakaici ya kusa 39, kuma babu yaro ko ɗaya a ajin da ke kusa da 39. In ka shirya darasi don mai 39, ka yi wa goman nan ƙasa, ka yi wa talatin ɗin sama. Matsakaici na ofishin ilimi ne, a rubuta musu tunda suna so. Kai abin da za ka ƙirga shi ne yara nawa suka haye rabi, nawa suke tsakiya, nawa suke ƙasa, kuma su wane ne.

Daga nan ɗauko babbar takarda ka ja layuka. Sunayen yara a jere daga sama zuwa ƙasa, lambobin tambayoyi a jere a sama. A kowane gida rubuta harafin da yaro ya zaɓa in ya yi kuskure, ka bar gidan fili in ya ci. Aiki ne na yammaci guda, malamai biyu, ɗaya na karantowa ɗaya na rubutawa. In ka gama, ja da baya ka kalli takardar. Layin da ya cika a kwance, matsalar yaro ce. Layin da ya cika a tsaye, inda kusan kowa ya faɗi tambaya ɗaya, wannan tamu ce: ko ba a koyar ba, ko an koyar ba a gane ba. Babu amfanin dukan yara arba'in kan abin da malam ɗaya ya tsallake.

Amsar kuskure ma magana take yi. Ɗauki 72 − 38, wadda amsarta 34 ce. Yaron da ya rubuta 46 yana cire ƙaramar lamba daga babba duk inda ya gan ta, bai san aro ba sam. A mai da shi wurin ƙullin kara. Wanda ya rubuta 44 ya yi aron amma ya manta ya rage bakwai ta koma shida. Wannan tunatarwa kawai yake so. Wanda ya rubuta 110 tarawa ya yi, alamar ce bai duba ba. Ciwo uku, magani uku, amma jan biro ɗaya muke yi musu duka. Haka in ka ga aji ya taru a kan 2/5 a matsayin amsar 1/2 + 1/3 maimakon 5/6, ka san sama da sama suke tarawa, ƙasa da ƙasa. Sai a kawo rake ko takarda a yanka a gabansu.

Daga cikin layukan da suka cika a tsaye zaɓi uku kawai, su ne aikin makonni biyu masu zuwa. Kada ka ce sai ka gyara duka.

Mataki na bakwai: fashi, da kalandar ƙauye

Duk dabarar nan banza ce in yaro ba ya aji. Kalandar makaranta a birni aka tsara ta, ƙauye kuma yana da tasa. Zangon farko yana faɗawa cikin kaka: yankan gero, cirar gyaɗa, roron wake, sannan dawa. A garuruwan bakin kogin Haɗeja, wajen Ringim da Auyo, wata shekarar ambaliya ce ke cinye farkon zangon, kamar yadda aka gani a 2022. Zango na uku kuma zafin bazara ne, da an yi ruwan shuka aji ya watse. Zango na biyu, daga Janairu zuwa farkon Afrilu, shi ne jarinka, sai dai a yankunan noman rani irin su Kura da Kadawa, inda tsinkar tumatir da korar tsuntsu ke ɗauke yara. Duk abu mai wuya a manhaja, tura shi cikin wannan zangon. In azumi ya faɗo ciki, a mai da darasi mai nauyi da sassafe.

Sannan ranar kasuwa. Wanda makarantarsa ke kusa da Maigatari ya san yadda aji yake ranar Alhamis, na kusa da Wudil ya san Juma'a. Kada ka sa gwaji ko sabon darasi a ranar, a yi bita da waɗanda suka zo.

Duba rajista ka fitar da sunan duk ɗan aji shida da ke fashin kwana biyu a mako. Kada ka aika takarda, ba mai karantawa. Je da ƙafarka bayan la'asar, tare da wani dattijo daga kwamitin makaranta, wato SBMC. Kada ka fara da ƙorafi. Ka gaisa, ka yi barka da aiki, sannan ka ce, "Baba, yaron nan naka watan jiya kalma yake karantawa, yanzu ya kai jimla. In ka bar mini shi safiya huɗu a mako, kafin Sallah zai karanta maka wasiƙa." Uba ya fi jin wannan da dogon wa'azi kan amfanin ilimi. Zancen 'yan mata da talla kuwa a cikin gida ake yanke shi, don haka malama ko wata uwa daga kwamitin ita za ta shiga. Sau da yawa ba a ce a daina tallan ba, a ce a mai da shi bayan an tashi. Abin da ake iya samu ke nan, kuma ya fi babu.

Ka kai wa dagaci gaisuwa tun farkon shekara, ka faɗa masa ranar jarrabawa da yawan yaran garinsa da za su zauna. Ka roƙi liman ya yi tuni ranar Juma'a. Alaramma kuwa ku daidaita lokaci da shi cikin girmamawa: "Allah gafarta Malam, in da hali a sallami 'yan aji shida da wuri, su samu darasin farko." Ban taɓa zuwa da ladabi an ƙi ni ba.

Wani abu da ba a cika kulawa da shi ba: yaron da kullum yake kwafar kuskure daga allo, a gwada matso da shi gaba, wataƙila ido ne. Mai yawan kasala da rama a garuruwan da yara ke wanka a kanal ko fadama, a tambaye shi ko yana fitsarin jini. Tsargiya tana da magani a asibiti, a sanar da iyayensa.

Mataki na takwas: rajista

Wannan gajere ne amma ya sha kayar da yara masu ƙoƙari. Ta NECO a intanet ake yi, yawanci sai an shiga gari wurin masu kwamfuta. Tun kafin lokaci tattara takardun haihuwa, wanda ba shi da ita a nema masa a wurin jami'an hukumar ƙidaya. Ka tsayar da rubutun suna guda: in Muhammad ne, kada ya zama Mohammed a wata takardar, kuma a san wanne ne sunan yaro wanne ne na mahaifi. Kada ka bar mai kwamfuta ya cike fom shi kaɗai, zauna kusa da shi ka karanta kafin ya tura. Zaɓen makaranta kuma da iyaye ake yinsa, don babu amfanin yarinya ta ci makarantar da mahaifinta ba zai bar ta ta je ba.

Mataki na tara: takardar amsa da ranar kanta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da bai taɓa ganin takardar cike gurbi ba zai iya sanin amsa ya zuba ta a layin da ba nata ba, daga nan har ƙasa komai ya goce. A yi hoton takardar amsa a riƙa amfani da ita a kowane gwaji; in babu kuɗi, a zana irinta a littafi. A koya musu cike lambar jarrabawa, da cike gurbi ɗaya tak ya yi baƙi sosai da fensir HB, da gogewa tsaf in an canza ra'ayi, da ɗora yatsa kan lambar tambaya kafin a cike. A koya musu tsallake mai wuya a dawo mata, don yaranmu sun saba da cewa ba a wuce aya sai an iya ta, sai ka ga yaro ya kashe minti goma kan tambaya ta uku.

Mako na ƙarshe ba a sabon darasi. A san cibiyar da za a zauna, a shirya mota ko babura tun kwana biyu kafin ranar, kuɗin kuma ya fito daga kwamiti tun da wuri, ba da asubar ranar ba. Kowane yaro fensir biyu fiƙaƙƙu da abin gogewa da katinsa. A tabbata sun karya, ko koko da ƙosai ne, a tafi da ruwa, don lokacin zafi ne.

Saura magana ɗaya da ba a son yi. Akwai cibiyoyin da malami ke shiga ya karanto amsa, ko ya rubuta a allo, wai taimako. Na taɓa tsayawa a irin wannan ɗaki ina sabon malami, na yi shiru, kuma a shekarar makarantarmu ta yi sakamakon da aka yaba mana. Bayan wata shida na haɗu da ɗaya daga yaran a tasha yana dako. Ya shiga aji ɗaya na sakandare da maki mai kyau, aka ba shi littafi, ya ga ba ya gane komai, ya gudu. Ban da haramcin abin da hukuncin da ke kansa, satar amsa tana lalata maka awo: ba za ka ƙara sanin inda makarantarka take ba, kuma ba wanda zai kawo wa makarantar da "ta ci" ɗauki.

In sakamako ya fito

Kwafe shi a littafi mai bango mai ƙarfi wanda zai zauna a ofis ko an yi maka canjin wurin aiki. Gaban makin kowane yaro rubuta matsayinsa a gwajin kwali na watan Satumba, da na ƙarshe, da yawan kwanakin da ya yi fashi. Kada ka auna kanka da makarantar kuɗi ta cikin Dutse ko Kano, auna bana da bara. Kira taron malamai duka, har da na aji ɗaya da biyu, su ma su ga sunayen yaran da suka bi ta hannunsu. Sannan kafin a tafi dogon hutu, ɗauko kwalin nan, ka sa a turo maka 'yan aji biyar ɗaya bayan ɗaya.